Gargaɗi ga masu motocin aiki: kada ku aika wa masu talla a waya tsohon BCM ɗinku

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu motocin kai kaya. Ni aikin riwaya nake yi a Kano, kuma akwai wata damfara da ta shigo mana sana'a wadda yin shiru a kanta cin amana ne. Masu Boxer, Ducato, Transit da Sprinter ta fi ci, irin motocin da ake rarraba burodi da fiya-wata da magunguna da su, waɗanda in suka kwana a gareji ba tukunyar gida ɗaya ce ke mutuwa ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Mota ta fara rikici: waifa ta tashi da kanta, tirafiketo ya ƙi yi, ƙofofi su kulle su buɗe ba a taɓa su ba, ko a ajiye ta da dare a wayi gari batir ya sauka. Wani ya leƙa ya ce ai BCM ne, wato birenbokis (ƙaramar kwamfutar mota) ɗin da ke kula da fitilu da waifa da hon da kulle ƙofofi, ba na inji ba. Mai mota ya ji kuɗin sabo, hankalinsa ya tashi, ya shiga waya neman sauƙi. A nan zai ci karo da su. Shafi ne cike da hotunan birenbokis jere a kan kanta, ga bidiyon mota tana tashi, ga rubutu cewa kayan Baljiyam ne gwadadde, ka jona kawai ka murɗa makulli. Sai a koma da kai WhatsApp a gindaya maka sharaɗi biyu: ka tura kuɗi gaba ɗaya kafin a yi wayabil, kuma ka aiko da naka tsohon, wai za su kwafe bayanansa su rage maka farashi.

Abin da ya sa har masu wayo ke faɗawa shi ne ƙaryar ta jingina da gaskiya. Ɗauki Peugeot Boxer da Fiat Ducato da Citroën Jumper, ƙirar 2006 zuwa sama. Mota ɗaya ce mai suna uku, ana haɗa su a masana'antar Atessa ta ƙasar Italiya, kuma tsarin wutarsu na Fiat ne. BCM ɗinsu yana tare da akwatin fiyus a ƙasan dashbod ta ɓangaren direba, kuma a cikinsa ake ajiye bayanan cip ɗin makulli. Ka ciro na wata mota ka jona, ba zai gane makullinka ba, motar ba za ta tashi ba. Ko an shawo kan makullin, in ba a daidaita shi da sauran na'urorin motar ta kwamfuta ba, za ka ga lambar kilomita tana ta walƙiya a mita. A Sprinter SAM ake kiransa, a Renault kuma UCH, kowane kamfani da inda yake ɓoye bayanan makullinsa. Saboda haka kwafe bayanai daga tsoho zuwa wani aiki ne na gaske, muna yin sa. Amma in tsohon yana karantuwa aikin zama ɗaya ne, a kan tebur, mai mota yana kallo. Aika shi gari mai nisa ga mutumin da lambar waya kaɗai ka sani nasa daidai yake da ka miƙa wa baƙo makullin gidanka ya je ya yanko maka wani.

An janyo mini wata Boxer ta wani bawan Allah mai gidan burodi, dattijo mai mutunci. Ya biya, ya aika da nasa, aka aiko masa da wani ta tasha a kwali mai kyau da sitika sabuwa fil. Aka jona, ko fitilar dashbod ba ta kawo daidai ba. Ya kira su, aka ce masa, "Ranka ya daɗe, ai kod ne ba a saka ba, ƙaro kaɗan mu turo maka." Ya ƙara. Daga nan lamba ta daina shiga. Da na buɗe murfin a gabansa, allon cikin ya yi kore shar da tsatsar ruwa, wasu ƙafafun soket ɗin sun cinye. Ya ce, "Malam, to nawa na da fa?" Na ce, "Alhaji, sai haƙuri." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da muka bi wayoyin motar, sai muka tarar wayar at, wato wadda ke haɗa nagetif na wuta da ƙarfen mota, ce ta yi tsatsa ta saki a jikin bodi. Ita ta kawo rikicin tun farko. A ganina nasa lafiyayye suka karɓe suka ba shi gawa, kuma ba mamaki shi ne za a nuna wa na gaba a bidiyo. Mutumin da goge waya da ɗaure noti ya ishe shi, sai ga shi yana cigiyar saiti guda: BCM, birenbokis na inji, da makulli.

Dole in yi magana da abokan sana'ata. Wasunmu ne ke cewa "BCM ne" ba su ɗora mita a ko'ina ba, su ne kuma ke miƙa lambar mai kayan don a ba su kamasho. Mutum ya kawo maka abin neman abincinsa bisa amana, ka haɗa shi da macuci saboda ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ku ji tsoron Allah. Shugabannin gareji da na ƙungiyar makanikai ta NATA su sa ido a kan wannan, don sunanmu gaba ɗaya ke ɓaci.

Kai mai mota, kafin ka yarda BCM ya mutu, sa a auna batir a gabanka. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan volt 12.6, in inji yana aiki kuma altaneta ya kamata ta ba da tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙarancin wuta yana sa na'urorin mota su yi ta shirme kamar sun lalace. A duba wayoyin at, a duba fiyus da rile, a duba wayoyin da ke wucewa ta maƙalar ƙofa, don motar rarraba kaya buɗewa da rufewa take yi daga asuba har magariba, a nan suke karyewa. In an taɓa canza gilashin gaba, a taɓa ƙasan dashbod a ji ko ruwan damina yana ɗiga. Tiraka, rediyo da ƙarin fitilun da aka jona barkatai su ma suna shanye batir. Motar da ta yi barci bai kamata ta riƙa jan wutar da ta wuce miliyam (mA) 50 ko kusa da haka ba. A sa kwamfutar sikanin, ka ɗauki hoton lambobin da ta fitar. Masu farawa da B na jikin mota ne, masu farawa da U kuwa cewa suke sadarwa ta yanke tsakanin na'urori, kuma waya ɗaya da ta tsinke tana kawo hakan.

In an tabbatar ya mutu ɗin, je ka inda shago yake da ƙofa da maƙwabta da shugaban layi: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja. In sai Ladipo a Legas ake samu, nemi ɗan uwa ya taka da ƙafarsa. Lambar da ke jikin naka ita za a nema, ba sunan mota da shekara kawai ba. A buɗe murfi ka ga allon da idonka. A rubuta lambar a rasit tare da kwanakin da za ka iya mayarwa, kuma ka riƙe wani abu daga kuɗin sai mota ta tashi. Wanda zai kwafe bayanan ya fara adana su ya ba ka naka kwafin a filashi. Naka tsohon kuwa ka yi masa alama, ka ɗauki hotonsa, ka koma gida da shi ko da ya ƙone, domin sau da yawa ana iya ciro bayanan makulli daga wanda ya daina aiki. In sunan da ke kan akawun ya bambanta da na wanda kake magana da shi, ko aka fara ce maka saura ɗaya kuma wani yana hanya, janye hannunka.

Wanda ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya goge hirar. Adana saƙonni da muryoyi, shaidar tura kuɗi, lambar akawun da takardar wayabil. Sanar da bankinka a ranar, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. In mai shago ne da aka san wurinsa, fara da ƙungiyar kasuwar, in bai yi ba akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Sannan ka tuna bayanan makullinka suna hannun wasu yanzu, wataƙila har da lambar shasi da hoton motar da ka tura musu. Gaya wa mai riwaya hakan tun kafin ya fara gyara, ya san yadda zai sake wa motar makullai, ka kuma canza inda take kwana har a gama aikin.