Gargaɗi ga masu sayen gida a Gusau: ku kula da gidan da takardarsa ke banki

Salamu alaikum jama'a. Don Allah duk mai shirin sayen gida ko fuloti a Gusau, musamman 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Maru, Tsafe, Zurmi da Shinkafi suna neman inda za su aje iyali, ya daure ya karanta wannan kafin ya ba kowa ko sisi.

Ga yadda abin yake. Mutum zai ci bashi a banki ya aje satifiket ɗin gidansa jingina, kasuwa ta juya mai baya, biya ya gagara, banki ya fara aiko mai takardu, to maimakon ya je su zauna sai ya nemo dillali ya sa gidan kasuwa a ɓoye. Kuma da araha, arahar da za ta sa ka rasa barci. Kullum akwai uzurin gaggawa, wai za a fitar da mara lafiya Masar, wai akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi gobe in ba ka ba da kafin alƙalami yau ba. In ka ce a nuna maka takarda sai a ciro fotokwafi mai kala an yi mata leda tana ƙyalli. Ina orijinal? Tana wajen yayana a Kaduna. Ko gara ta cinye. Masu wayon cikinsu har kotu suke zuwa su yi rantsuwar cewa takarda ta ɓace su haɗo da rahoton 'yan sanda, alhali tana can kulle a cikin sef ɗin banki.

A unguwarmu anka yi ma wani dattijo haka, mutumin da ya sai da ragowar shanunsa ya shigo gari. An yi ciniki a zaure kan tabarma, shaidu sun sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi (shi ma bawan Allah bai san komi ba), dillalai sun karɓi la'ada, an shafa fatiha. Ya sake fenti, ya haƙa rijiya, ya ɗaga katanga saboda matansa. Ba a rufa shekara ba sai ga ma'aikatan kotu da 'yan sanda da wanda ya sayi gidan a hannun banki, an rubuta jan fenti a bango, tukwane da katifu da buhun gero duk a waje, dattijon nan yana ta miƙa ma lauyan banki takardar ciniki yana cewa ranka ya daɗe ai ga shaiduna, lauyan ko karɓa bai yi ba. Wanda ya sai mai kuwa wayarsa a kashe har yau.

Abin da mutanenmu ba su gane ba, bashin jingina gidan yake bi duk hannun da ya shiga. In an yi cikakkiyar jingina, an sa hannu an yi rajista, banki na da ikon sai da gidan in lokacin biya ya wuce, sau da yawa ma ba sai ya nemi izinin kotu ba, sanarwa kawai zai ba da, kuma sanarwar ga wanda ya ci bashin za ta tafi, kai da ke kwana a ciki ba ka cikin lissafinsu. In an yi gwanjo banki ya cire uwar kuɗi da kuɗin ruwa da abin da ya kashe, in akwai saura wanda ya ci bashin za a ba, wato ɓarawon da ya cuce ka. Wani lokacin ma bashin ya bar hannun bankin ya koma AMCON, hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2010 don sayen basussukan da sunka gagari bankuna, su kuwa ba su da wasa wajen rufe gida.

Sai dokar amfani da ƙasa ta 1978. Ita ta sa filin cikin gari duk yana hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 22 ya ce fili mai satifiket ba a sayar da shi ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce abin da anka yi ba haka ba banza ne. Dokar nan ba ta bar kowa ba, a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar Savannah Bank a shari'arsu da wani mai suna Ajilo saboda rashin wannan amincewar. To in banki mai lauyoyi ya sha ƙasa, ina ga ni da kai da takardar mai unguwa? Ba raina ta nake ba, tana da amfaninta wajen tabbatar da an yi ciniki an biya, amma ba ta goge bashin da ke kan gida.

Akwai kuma wata jinginar wadda ta fi wuyar ganewa, mutum ya aje takardarsa kawai a banki ko wajen wani ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi, ba a yi rajista ba. Wannan ko an bincika fayil ɗin gidan a ofishin filaye ba lallai a gan ta ba. Shi ya sa ni a wajena maganar orijinal ta fi komi, don in an je gaban alƙali abu na farko da za a tambaye ka shi ne me ya hana ka neman ganin takardar asali, in ka ce an ce min tana Kaduna to an ɗauka kai ka rufe ido da kanka.

Saboda haka ka riƙe orijinal da hannunka, ka duba suna ya zo ɗaya da katin mai sayarwa, ka ɗauki lambar fayil ka samu lauya naka, ba wanda dillali ya kawo ba, ya je ofishin filaye na jiha, ZAGIS, a duba ko akwai jingina ko wata shari'a a kan gidan, a duba har bashin harajin fili da ya taru. Kuɗin binciken nan bai kai la'adar da kake ba dillali kana murmushi ba. In mai gida ya fito fili ya ce akwai bashi, wannan ba laifi ba ne, ana sayen irin wannan, amma tare za ku je bankin a rubuto nawa ya rage, ka biya kai tsaye cikin asusun bashin, su ba da takardar sakin jingina da orijinal, sannan ya karɓi cikon kuɗinsa. Kada ka yarda da "ba ni in je in fanso ta in kawo maka". Ma'aikacin da ya samu gida ta asusun gidaje na ƙasa ana cire mai a albashi, shi ma gidan na jingine har ya gama biya.

Gidan gado ma a kula. Wasu magadan wallahi ba su san mahaifinsu ya jinginar ba, wasu sun sani sun yi shiru, alhali ko a shari'ar Musulunci sai an biya bashi ake rabo.

Wanda abin ya riga ya faɗa mawa, kada ya tsaya ana ta kai shi gidan wane a sasanta har wa'adi ya ƙare. Ya tattara takardar ciniki, shaidar tiransifa da saƙonnin waya, ya kai ƙorafi wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato, ya kuma nemi lauya da wuri, don rikicin fili mai satifiket Babbar Kotun jiha ce ke da hurumin saurarensa. Ku tura ma 'yan uwa, wanda bai iya karatu a karanta mai.