Garejin da ya rage wa tsohuwar Hilux ɗina shan mai a Magazin

Masu tsofaffin pikop na Kumasi, musamman mu da ke jigilar doya da masara daga Techiman, ga labarin wani gareji da ke cikin Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, wanda na kai motata saboda shan mai, kuma tun farko in faɗa muku aikinsu ya gamsar da ni, duk da akwai abubuwa biyu uku da suka ɓata min rai waɗanda su ma zan faɗa don kar wani ya je ya ce ban gaya mishi ba. Mai garejin dattijo ne ɗan Zango, kowa Masta yake ce mishi, injin dizal kawai yake taɓawa, irin su Hilux da Nissan Hardbody da tsofaffin Urvan na turoturo, in ka kawo mishi motar fetur mai kwamfuta zai nuna maka shagon maƙwabcinshi ne kawai.

Motata Hilux ce mai injin 3L, wato lita 2.8 marar tobo, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1988 da 1997, famfon mai, wato wanda ke tura wa inji dizal, na ƙarfe zalla babu kwamfuta a jikinshi. Duk wanda ya riƙe irin wannan motar ya san ba ta gudu amma ba ta mutuwa. Matsalar ita ce mai. Tun da aka sakar wa 'yan kasuwa farashin mai a 2015 kusan duk sati biyu sai allon gidan mai ya canza, kuma kowa ya tuna ƙarshen 2022 lokacin da litar dizal ta haura sidi 23, a lokacin ne da yawanmu muka fara lissafin da da ba mu yi, ka kai kaya ka dawo ka cire kuɗin mai da na lebura da na shinge sai ka ga abin da ya rage ko cefanen gida bai kai ba.

Abin da ya fara burge ni shine mutumin bai taɓa famfo ba ranar farko. Kun san yadda ake yi, kana cewa mota na shan mai sai fita ya ɗauko sukudireba ya murɗa sukurin mai ya rage, ka fita ka ji motar ta mutu murus ba ta iya hawa ko ɗan tudu da kaya, sai ka koma danna totur har ƙasa, man da aka ce an rage maka ya fita ta wata hanya. Shi ko Masta cewa ya yi, Alaji lita nawa take sha a kilomita nawa? Na ce ai dai tana sha sosai. Ya ce wannan ba amsa ba ce, je ka cika tanki har baki, ka rubuta lambar da ke kan mita, ka yi tafiyarka yadda ka saba, ka dawo gidan man nan dai, famfon nan dai, ka sake cikawa har baki, litar da ta shiga ita ce motar ta sha, sai mu raba kilomita da ita. Ya kuma duba tayoyina ya tabbatar girmansu ɗaya da na asali, don wai in an sa manyan taya mita na ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi, lissafin sai ya fito ƙarya. Da na yi haka ya fito wajen kilomita 7 a lita ɗaya, ya girgiza kai ya ce wannan injin in yana lafiya bai kamata ya tsaya nan ba.

Ranar da aka fara aikin, kafin a buɗe bonet ma sai da ya sa yara suka ɗaga motar a jak, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana juyawa da hannu. Ta baya ta hagu ya juya ta ko zagaye ɗaya ba ta yi ba ta tsaya cak. Ya ce in kawo hannuna in taɓa dirom ɗin, wallahi da zafi kamar murfin tukunyar waken da aka sauke yanzu, alhali daga Aboabo kawai na taso. Wayar birkin hannu ce ta yi tsatsa a cikin rigarta ba ta sakin birkin gaba ɗaya, kenan duk inda na je ina jan mota da birki a riƙe. A gaba kuma fistin ɗin kalifa ɗaya, wato abin da ke matse birkin gaba, ya cije, fad ɗin ciki ya cinye saura kaɗan na waje kuwa kamar sabo. Sannan hob ɗin gaba, wannan abin murɗawa da ke tsakiyar taya mai rubutun FREE da LOCK, duka biyun a LOCK suke kuma sun ƙi murɗuwa saboda tsohon giris ya daskare a ciki. Ya yi min bayani cewa ko giyar fowil ba ta ciki, muddin hob na kulle to tayoyin gaba suna juya shaf da difaren da furofela na gaba a banza, duk wannan nauyin injin ne ke ɗauka kuma mai ne kuɗinshi. Aka kwance su aka wanke da kananzir aka sa giris kaɗan, suka dawo suna murɗuwa da yatsa biyu.

Sai maganar tamostat, ɗan abin nan da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, wadda a nan ne na san za a samu masu musu. Nawa babu shi kwata-kwata, tun kafin in sayi motar wani ya cire, kuma ita fankar an ɗaure kulocinta da ƙusa tana juyawa da ƙarfin inji koyaushe, shi ya sa motar ke wannan gurnanin in na taka. Mu nan an riga an yarda cewa tamostat na ƙasar sanyi ne, mota na sauka daga Tema abin da ake fara jefarwa kenan. Masta bai yarda da wannan ba ko kaɗan. Ya ce injin dizal da zafi yake ƙona mai, an ƙera shi ya yi aiki ruwanshi na sama da digiri 80, in ka bar shi da sanyi man ba ya ƙonewa duka, baƙin mai ya yi kauri, ga hayaƙi, ga ƙarfen ciki na cinyewa. Kuma in mota na zafi ba laifin tamostat ba ne, lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaji ko murfin ba ya riƙe iska. Ya sa aka kai lagireton wajen masu wankewa suka buɗe suka zura ƙarfe layi-layi, abin da ya fito ja wur na tsatsa da laka, saboda shekara da shekaru ruwan famfo zalla ake zubawa. Aka sa sabon tamostat, aka samo kulocin fanka hom-yus, wato na hannu da aka kawo daga waje, mai kyau. Gaskiya satin farko idona na kan geji, har a cunkoson shataletalen Suame da rana tsaka, amma allurar ta hau kusa da tsakiya ta zauna nan ba ta ƙara ba.

Iyakilina, wato matatar iska, kam ba sai an faɗa ba, wanda ya bi hanyar arewa lokacin hunturu ya san ƙurar da ake sha. Nawa an sha busa shi da iska har takardar ta fara yagewa a lungu, ya ɗaga shi saitin rana ya nuna min inda haske ke ratsowa, ya ce wannan ƙasa yake tura wa inji, a canza. Filtar mai ma aka canza, aka zubar da ruwan da ya taru a gindinta. Baƙin mai ya ce 15W-40 na dizal, duk kilomita 5,000, kuma in daina yarda ana zuba min mai kauri don wai injin ya tsufa, kaurin nan inji ne ke wahalar juya shi.

Bayan duk wannan ne aka zo kan nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji. Ya cire guda huɗun ya jera su bisa tsumma yadda suke a inji, ya ce in biyo shi, muka ratsa ta bayan masu walda zuwa wani ɗan ɗaki na mai gwajin nozul. Na'urar ƙarama ce, famfon hannu da geji, a ɗaura nozul a danna. Mai lafiya sai ka ji ya yi wata ƙara kirrr ya fesa man kamar hazo lokaci guda ya yanke. Nawa biyu sun yi haka da ɗan dama-dama, ɗaya ya buɗe tun allurar ba ta kai inda ya kamata ba, na huɗun kuwa tsiyaya kawai yake, man na fita siriri gefe guda kuma bayan an saki hannu ɗigo na taruwa a bakinshi. Da idona na gani, ba wanda ya ce min in yarda kawai. Wannan ɗigon shine baƙin hayaƙin da nake bari a baya duk lokacin da na kama tudu bayan Offinso. Aka canza bakin nozul ɗin duka huɗu aka saita su da shim, ɗan siririn ƙarfen da ake cike tazara da shi, suka zama ɗaya. Famfon kuwa ya ce lafiyarshi lau, sil ɗin sama ne kawai ke jiƙewa da mai, aka canza shi, aka duba taimin, ba a kai shi bencin gwajin famfo ba, wanda da wani ne da nan zai fara don nan kuɗin yake.

Ya kuma auna tazarar bawul da filageji injin na sanyi, biyu sun matse, aka nemo shim aka gyara. Daga nan ya tura ni alaimen da wajen mai faci, ya ce in riƙa bin iskar da aka rubuta don motar, in ƙara wa na baya in zan yi lodi, kuma a auna da safe taya na sanyi, ba a buga da ƙarfe a saurari ƙara ba.

To yanzu abin da ban ji daɗi ba. Na ɗaya lokaci. An ce min aikin ba zai daɗe ba, amma motar ta kwana ta sake kwana har na rasa kasuwar Techiman ta wannan satin gaba ɗaya, kuma kun san daga Laraba zuwa Juma'a ne cinikin, in ta wuce ta wuce. Masta mutum ɗaya ne, motoci sun yi mishi yawa, kuma ba ya barin yara su ɗaure abu mai muhimmanci sai yana tsaye, wannan abu ne mai kyau amma kai mai mota kai ke biyan kuɗin jiran. In ka kira waya ma ba ya ɗauka sai ka zo da ƙafarka. Na biyu wurin zama babu, benci ɗaya ne ƙarƙashin kwano, ƙasa duk baƙin mai, in aka yi ruwa kuwa hanyar shiga ta zama taɓo. Na uku, yaran shagon sun bar min tambarin hannu a kujera da sitiyari, kuma hulata da na bari a gaban mota na same ta da giris, na yi magana Masta ya yi musu faɗa a gabana ya ba ni haƙuri, amma dai da an shimfiɗa leda tun farko da ba a kai nan ba.

Wajen kuɗi ba ni da ƙorafi. Ba shi da araha, kuɗin hannunshi ya fi na fitocin bakin titi, amma ba ya sayen kaya a bayanka. Zai haɗa ka da yaro ku je shagon sifiya tare ka biya da hannunka ko ta momo, ka dawo ya duba, in jabu ne ya ce a mayar. Filtar mai ta farko da muka kawo ya juya ta ya leƙa ciki ya ce wannan kwali ne kawai mai kyau, muka koma muka ƙara kuɗi muka ɗauko ta kirki. Duk abin da aka cire kuma a leda ya miƙo min.

Sakamakon da na samu, da irin wannan awon na cika tanki zuwa cika tanki, yanzu tana ba ni tsakanin kilomita 9 da 10 a lita, ya danganta da lodi. Kumasi zuwa Techiman wajen kilomita 120 ne, zuwa da dawowa kenan ina tsira da kusan galan biyu, wanda ya san kuɗin galan yau ya yi lissafin wata da kanshi. Amma in faɗi gaskiya ba duka aikin sifana ba ne, don ya sa na sauke ƙarfen ɗora kayan da ke saman motar wanda ba na amfani da shi, da tsohuwar sifirin da wasu ƙarafa da nake yawo da su a baya, kuma ya ce Alaji wannan motar giya biyar ce marar tobo, ka riƙe ta a 80, in ka kai ta 110 iska kake saya da kuɗinka. Ya hana ni barin inji na aiki ina jiran lodi, ya ce minti ɗaya biyu da safe ya isa sai a tashi a hankali.

Abu ɗaya da ya faɗa min ƙarara shine kar in sa ran ta zama kamar sabbin Hilux masu D-4D, wato injin dizal mai kwamfuta, tsarin injin ba ɗaya ba ne, kuma nawa ya fara ɗan hura iska ta murfin baƙin mai, alamar ringi sun fara gajiya, ya ce ba yanzu ba amma in fara ajiye kuɗi. Wanda injinshi ya riga ya gama, yana shan baƙin mai yana farin hayaƙi da shuɗi, wannan gyaran ba zai mishi komai ba sai an sauke inji, kuma Masta zai gaya mishi hakan tun a bakin ƙofa. Wanda kuma tashi ke tafiya lafiya sai dai shan mai, ya je da sassafe farkon sati, ya tafi da lissafin litarshi a rubuce, ya kuma tambayi taimin bel ɗinshi, don na wannan injin duk kilomita 100,000 ake canzawa, in ya tsinke a hanya bawul da fistin ne za su haɗu, ni nawa wata mai zuwa in Allah ya kai mu can zan mayar a canza.