Ɗalibin lauya a Jidda: ofishin kamfanoni ko taimakon kyauta?

Ɗalibin shari'a a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, in hutu ya zo, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko ofishin lauyoyin kamfanoni. Zai koyi rubuta kwangila, ya san manya, ya ɗan samu na kashewa. Ba abin rainawa ba ne, musamman ga wanda iyayensa suka zuba masa ido.

Ta biyu kuwa ita ce zama da marasa galihu ba ko riyal. Nan zai haɗu da dattijo Bahaushe, direba, wanda ya yi shekara 8 yana aiki aka sallame shi hannu rabbana. "Baba, kana da takardar kwangila?" Sai ya zaro ta daga leda, duk ta yamutse. Bai san dokar ƙwadago ta ba shi ladan kammala aiki ba: rabin albashin wata a kowace shekara cikin biyar ɗin farko, cikakken wata a kowace shekara bayan haka. Bai san ana fara neman sulhu a ma'aikatar ƙwadago kafin a je kotun ma'aikata ba. Abin da ya fi ci min rai, in wata 12 suka wuce da rabuwarsa da wanda ya ɗauke shi aiki, yawanci kotu ba ta sauraron ƙarar.

Ni na fi son ta biyu ga ɗanmu mai jin Hausa da Larabci. Ofishin kamfani ba zai rasa wani ɗalibin ba, amma dattijon nan da wuya ya samu mai fassara masa haƙƙinsa kafin wa'adi ya cika.