Na biya kuɗi an zagaya da ni cin abinci a Istanbul

Yayana ya fi shekara goma yana zuwa Istanbul sarin kaya, amma in ka tambaye shi abincin garin, abu biyu ya sani: döner (shawarmar Turkawa) ɗin bakin titin Laleli da gasasshiyar kazar da ake sayarwa a gindin masaukinsa. Shi ya sa da na gaya masa na biya wani kamfani ta intanet don a zagaya da mu wuraren cin abinci, sai da ya ajiye wayar da ke hannunsa ya dube ni. Ya ce, "Kai da bakinka, da ƙafarka, ka ba wani dala ya nuna maka inda ake cin abinci? Lallai kuɗi na yi maka ƙaiƙayi." Na ce, "Yaya, ai har da kai na biya wa." Daga nan bai ƙara cewa komai ba, ya san kuɗin ba za su dawo ba.

Abin da kamfanin ya yi alkawari shi ne yawo na awa shida da ƙafa, daga Eminönü a ɓangaren Turai zuwa Kadıköy a ɓangaren Asiya, tare da jagora ɗan gari mai jin Turanci, kuma mutane ba za su wuce takwas ba. Da muka isa wurin haɗuwa na ƙirga kawuna, mu goma sha uku ne. Ba wanda ya ba mu haƙuri, ba wanda ya yi bayani. Na fara da wannan ne domin duk wata matsala da ta biyo baya, daga nan ta samo tushe.

Karin kumallon dai ya wanke musu laifi na ɗan lokaci. Jagoran, wani saurayi mai fara'a da ke kiran kowane namiji "abi", wato yaya, ya bi da mu ta wani lungu a bayan Mısır Çarşısı, kasuwar kayan ƙamshin nan da aka gina a ƙarni na 17 tare da masallacin Yeni Cami. Muka kutsa cikin farfajiyar wani tsohon gini na 'yan kasuwa, inda da ni kaɗai ne ko da kuɗi ba zan shiga ba, don sai in ɗauka gidan wani ne. A can ciki akwai wani dattijo mai shayi a ɗan ɗakin da bai fi ya juya a ciki ba. Aka shimfiɗa jarida a kan ƙananan tebura, aka baje abin da jagoran ya sayo a hanya: simit, burodin nan mai kamar zobe da aka tsoma a ruwan inabi mai kauri aka birkiɗa a riɗi, farin cuku mai gishiri, zaitun baƙi da kore, sai kaymak da zuma. Kaymak ɗin man saman madarar ɓauna ne irin wadda suke kiwo, an naɗe shi kamar tabarma. Ka yago simit, ka dangwalo shi tare da zumar, ka bi da shayi mai zafi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. Na ga Yaya ya ja farantin gabansa a hankali kamar ba shi ba. Shayin, in ji jagora, daga Rize yake zuwa, can gaɓar Baƙin Teku, kuma ba a sa masa madara.

Da muka fito, ƙamshin gahawa ya cika lungun. Shagon Kurukahveci Mehmet Efendi ne, wanda ke niƙa gahawa tun 1871, ga layi har kan kwana, yaran shagon suna ƙunshewa suna miƙowa ta taga da saurin da ido ba ya iya bi. Ba mu tsaya ba. An dai gaya mana UNESCO ta sa al'adar gahawar Turkiyya cikin kayan gadon duniya a 2013, muka wuce.

Inda aka tsaya da mu shi ne wani shagon kayan ƙamshi da alewar lokum a cikin kasuwar, kuma a nan raina ya ɓaci. Kusan minti arba'in muka yi. Aka zaunar da mu, aka kawo wani jan ruwa mai zaƙi wai shayin tuffa, wanda daga baya jagoran da bakinsa ya ce gari ne ake damawa don baƙi, 'yan gari ba su cika shan sa ba. Mai shagon ya ɗauko wata roba cike da jajayen zare, ya ce za'afaran ne na Turkiyya, a farashin da ko yaro ya san za'afaran bai taɓa yin arha haka ba. Furen wata shuka ce da suke kira aspir, tana ba da launi amma ba ƙamshi. Wata Baturiya a cikinmu ta sayi roba biyu, jagoran yana tsaye yana kallon silin. Yaya ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ƙanena, wannan yaron kamasho yake karɓa. Dubi yadda suke haɗa ido da mai kanti." Ba ni da shaida, amma ɗan kasuwa ba ya rasa gane ɗan uwansa, kuma minti arba'in a yawon da na biya don in ci abinci ba ƙaramin abu ba ne.

Burodi da kifin bakin gadar Galata, wato balık ekmek, bai burge ni ba. Albasa ta yi yawa, ƙaya ta yi yawa. Na dai yaba wa jagoran da ya faɗi gaskiya cewa yawancin kifin daga Norway ake shigo da shi a daskare, ba daga ruwan da muke kallo ba. A tashar jirgin fito kuma aka ce kowa ya taɓa katinsa na İstanbulkart, alhali tallar ta ce komai na cikin kuɗin. Kuɗin ba wani abu ba ne, amma mutum huɗu ba su da katin, sai da muka tsaya jiran su har jirgi ɗaya ya tafi ya bar mu. Tsallakawar kanta kamar minti ashirin ce, da shayi a hannu, yara suna jefa wa tsuntsayen ruwa gutsuren simit suna cafewa a sama.

Kasuwar Kadıköy ta fi kwanta mini a rai fiye da Eminönü, don a nan mutanen gari ne ke cefanensu, ba wanda ke jan rigarka. Mun sha ruwan tsami na kayan lambun da aka jiƙa, turşu suyu, wanda ya sa Yaya ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci. Mun ci kokoreç, hanjin rago da aka nannaɗe a ƙarfe aka gasa a kan gawayi, aka daddatsa da barkono da ganyen ƙamshi aka cusa a burodi. Wannan kam na ƙara. Sai midye dolma, wani naman ruwa mai baƙin ɓawo da ake cusa wa shinkafa a matsa lemun tsami. Na tambayi jagoran ko kowa na ci, ya yi murmushi ya ce kakarsa ba ta taɓa sa shi a baki ba, domin a mazhabar Hanafiyya da yawancin Turkawa ke bi, kifi kaɗai aka yarda da shi daga cikin ruwa, amma matasa suna ci abinsu a tsaye a bakin titi. Na ci biyu, Yaya ya ce shi ya yafe. Ga mai tambayar halal, ban ga naman alade a ko'ina cikin yawon ba, kuma ba a kai mu inda ake shan giya ba. Sai dai ba su sa lokacin salla a tsarinsu ba, mu muka nemi a jira mu muka yi Azahar a masallacin Osman Ağa da ke bakin kasuwar.

Abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba ya zo ne wajen ƙarfe biyu. Jagoran ya tura wata ƙofar gilashi da ta yi gumi, babu wani allo mai haske a samanta, muka shiga abin da suke kira esnaf lokantası, wato gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a. Babu takardar zaɓen abinci a hannun kowa. Daga bakin ƙofa za ka tarar da manyan tireloli na ƙarfe jere a kan ruwan zafi, a bayansu wani mai gashin baki da farar riga riƙe da ludayi, shi ne usta. Ka nuna da yatsa, ya zuba. Abincin duk na tukunya ne da aka ɗora tun asuba: miyar jan adas, farin wake a romon tumatir da man shanu mai suna kuru fasulye, shinkafa da ɗan taliya a ciki, barzajjen alkama, kuɓewa ƙanana kamar ɗan yatsa a miyar lemun tsami, da baƙin yalo da aka tsaga aka cika da niƙaƙƙen nama, wanda suke kira karnıyarık, ma'ana mai tsagaggen ciki. Burodi na kan kowane tebur a kwando, ci iya cinka.

A nan jagoran ya koya mana kalma ɗaya da ta fi duk tarihin da ya zuba mana tun safe amfani: "az", wato kaɗan. In ka ce "az kuru, az pilav", za a ba ka rabin faranti na wake da rabin na shinkafa, a rage maka kuɗi, ka samu wurin ɗanɗana abu uku ko huɗu. Na lura da wani tela a teburin gefenmu, awon ɗinki rataye a wuyansa. Bai ce uffan ba ya zauna, yaron gidan ya dire masa miya da wake kamar an yi wahayi, ya cinye cikin minti goma, ya goge farantin da burodi, ya ce wa usta "elinize sağlık", wato Allah ya ƙara wa hannunka lafiya, ya fice. Waken nan ya dahu har yana narkewa a harshe amma bai fashe ba, romon ya yi kauri ba tare da an ɗaure shi da gari ba. Tunda nake zuwa ƙasar ban ci abin da ya kai shi ba. Sai dai mu goma sha uku ne a gidan da teburansa ba su kai goma ba, aka rarraba mu, waɗanda ke nesa ba su ji rabin bayanin ba. Kuma mun zo a makare, tire biyu sun riga sun ƙare, domin irin waɗannan gidaje na rana ne, abin da ya ƙare ya ƙare sai gobe. Minti arba'in ɗin shagon za'afaran a nan ya kamata a kashe su.

Da shayi ya zo, kyauta daga mai gida, hira ta koma kan tsada, wadda ita ce maganar da ke bakin duk mai harkar abinci a garin. Hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022 a ƙididdigar hukuma, kuma na ga alamarta da idona: allon farashin gidan an manna takarda a kan takarda har ya yi tudu. Daga farkon 2024 doka ta tilasta wa gidajen abinci su kafa farashi a bakin ƙofa da kan tebur, kuma a watan Afrilun shekarar mutane suka yi kiran a ƙaurace wa gidajen abinci da na shan gahawa na kwana biyu saboda tsada. Hukumar birnin ma ta shiga harkar tun 2022 da gidajen Kent Lokantası, inda ta fara sayar da abinci kala huɗu a kan lira 29. A 2022 ɗin dai kamfanin Michelin ya fitar da jerinsa na fitattun gidajen abincin Istanbul a karon farko, ya ba gidan abincin TURK Fatih Tutak lambar yabo ta tauraro biyu. Jagoranmu ya ce baƙi da yawa yanzu da wannan jerin suke sauka daga jirgi, su ci a Mikla ko Neolokal su koma, ba su taɓa ganin usta da ludayinsa ba. Haya da kuɗin nama kuma suna matse ƙananan gidajen, in ji shi, 'ya'yan masu su ba sa son gadon tashi da asuba.

Kayan zaƙi ne suka rufe yawon, lokacin ciki ya riga ya ɗauka. An kawo baklava irin ta Gaziantep, wadda Tarayyar Turai ta yi wa rajistar suna a 2013, da wani farin abu mai danƙo, tavuk göğsü. Sai da Yaya ya kusa cinye nasa aka gaya masa da ƙirjin kaza ake yin sa, a dafa a tsettsefe kamar zare a dama da madara da sukari. Ya tsaya da cokali a sama ya ce, "Kaza? A cikin wannan?" Sannan ya ƙarasa.

Shin ya cancanci kuɗinsa? Sau ɗaya, e, kuma a ranar farko ko ta biyu da saukarka, ba ranar da za ka tafi ba. Manyan shagunan kayan zaƙi irin su Hafız Mustafa, Hacı Bekir da ke yin lokum tun 1777, ko Karaköy Güllüoğlu, ba ka bukatar jagora, taswirar wayarka za ta kai ka har ƙofa. Abin da kake saya shi ne wanda zai tura maka ƙofar da ba ta da allo ya nuna maka yadda ake yi a ciki. Kafin ka biya, ka sa su rubuta maka yawan mutanen, ka tambaya ko akwai tsayawa a shagon sayayya, ka zo da katin jirginka, kuma kada ka karya a otal. Ni dai uku cikin biyar na ba su, kuma biyu daga ciki na usta ne.

Washegari da rana na nemi Yaya a Laleli ban gan shi a wurin mai döner ba. Na kira shi, ya ce in gangaro ta bayan shagon masu jakunkuna, ƙofa ta uku. Shekara goma yana wucewa ta gaban gidan. Na same shi tsaye gaban tireloli, yatsa a miƙe, yana ce wa mai ludayin, "Usta, az kuru, az pilav." Da ya hango ni ya ce, "Zo ka tambayar mini shi, wancan mai yalon yaya ma sunansa?"