Kayan oda ko aikin hannu? Amsa ga mai haɗa babur a gida

Ƙanena, kai da ka samu tsohon mashin mai injin CG kake tambaya ko ka yo odar tanki da sit da salansa daga waje ko ka kai a ƙera maka: ka kai a ƙera. Na bi hanyoyin biyu da kuɗina, ɗaya ce ta fishe ni.

Ka fara gode wa Allah da injin da ka samu. Honda ta fito da CG125 a 1975, ta yi shi ne domin ƙasashen da ba a cika kula da juyen mai a kan lokaci ba. Ba shi da sarƙar taimin, wasu 'yan sanduna ne ke tura bawul, shi ya sa yake da jimirin wahala kamar jaki, kuma kamfanonin China sun kwaikwaye shi har kayansa sun cika kasuwa. Kowane bakanike a bakin titi ya san cikinsa. Injin kam ka bar shi yadda yake, jikin za ka yi wa ado.

Nawa na kai shi Panteka a nan Kaduna, wurin wani dattijo mai gyaran jikin mota. Na nuna masa hoto a waya, ko kallon kirki bai yi masa ba. Cewa ya yi in hau mashin ɗin in kama hannu kamar ina tuƙi. Ya duba inda gwiwoyina suka tsaya, ya ɗauko kwalin taliya ya yanka, ya lanƙwasa shi a kan firem har sai da ya zauna daidai. Da wannan kwalin ya zana a kan farantin ƙarfe mai kauri wajen milimita 1.2. Yana da wani kututture da ya rarake tsakiyarsa, a nan yake ɗora ƙarfen ya yi ta bugu da guduma mai zagayayyen kai, a hankali, yana juyawa, har gefen tanki ya yi ciki kamar ƙwarya. Kwana huɗu ina zuwa ina zama a kan benci. Da ya haɗa ɓarin biyu da waldar gas, sai ya goga alli a kan layin waldar ta waje, ya zuba kalanzir a ciki, ya ce in je in yi sallar la'asar in dawo. Ko da na dawo, wuri biyu allin ya yi duhu. Ya tsiyaye, ya wanke, ya bari ya bushe sarai, sannan ya toshe. Shekara ta uku ke nan, ko ɗigon fetur ban gani ba. Baba ya ƙi karɓar cikon kuɗinsa sai da na zagaya layin na dawo ya ga sitiyarin ba ya dukan tankin in an karya kwana.

Sit kuma ba wani abu ba ne: faranti a ƙasa, soso mai tauri, sai masu ɗinkin kujerun mota su rufe maka. Ka ce su huda ƙasan don ruwa ya samu hanyar fita, in ba haka ba damina ɗaya zai fara wari.

Kayan oda suna da kyau a hoto. Tankin da na saya ramin ƙasansa bai hau kan firem ɗina ba, famfon man yana taɓa kan injin, ƙarfen kuma kamar gwangwanin madara. Yana rataye a soro, noti nake tarawa a ciki. Abin da zan yarda ka yi odarsa shi ne fitila, sigina, madubi da mita, su ma don maƙeri ba ya yin gilashi ne.

Amma kar daɗin aikin hannu ya kwashe ka. Birki, shokozoban gaba, ƙarfen da ke riƙe taya, sarƙa da sifoket, waɗannan ba a ƙera su a gindin bishiya, sababbi za ka saya a shagon da in abu ya ƙi za ka iya mayarwa. In za a yanke bayan firem a yi masa lanƙwasa, a yanka daga bayan inda shokozoba ke kamawa, a zura guntun ƙarfe cikin bututun kafin a yi walda. Kar ka yarda a sa maka faif ɗin ruwa mai farin shafe, ba don wannan aka yi shi ba, hayaƙinsa ma in an yi walda yana kwantar da mutum. Kuma duk wanda ya kusanto tsohon tankinka da wuta bai wanke shi ya cika shi da ruwa ba, ka ja da baya, tururin fetur da ya rage a ciki shi ke fashewa.

Salansa ita ce inda samari ke kashe injinsu. In an buɗe ta don ta yi ƙara, sai iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, injin ya dinga zafi. Bayan an ɗaura sabuwa ka yi 'yar tafiya ka kwance filogi: in ya yi fari fat, bakanike ya ƙara girman jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, a kafireto har sai ya koma ruwan ƙasa. Ka kuma bar ɗan abin rage ƙara a ciki, kana da maƙwabta masu jarirai.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Lambar firem tana wuyan mashin, wajen da sitiyari ke juyawa. Kafin ka kashe ko sisi ka kankare fentin wurin ka gwada ta da abin da ke rubuce a takarda, haka ma lambar injin. In ka ga alamar an goge da giranda an sake bugawa, ko mai sayarwa ya ce takardun suna hannun yayansa da ya yi tafiya, ka mayar masa da kayansa, don ranar da aka tare ka a hanya kai za ka yi bayani. Akwai kuma masu wanke tsohon shokozoba su fesa masa fenti su saka a sabon kwali. Ka danna shi da hannu, in ya dawo da sauri ba wani riƙo, ko ka ga danshin mai a sandar, ya riga ya mutu. Masu sayarwa ta waya da ke cewa sai ka turo kuɗi duka kafin ka ga kaya, nawa tun ranar da na yi ƙorafi layinsa ya daina shiga.

Ranar da za ka je wurin mai ƙirar, ka tura mashin ɗin gaba ɗaya da tsohon tankinsa, a nan zai cire murfi da famfon mai ya dasa a sabon. Ka ba da rabin kuɗi, sauran sai an yi gwajin kalanzir a gabanka. Fenti kuma sai ka hau shi sati biyu tukuna, don in akwai gyara a yi shi a kan tsiran ƙarfe.