Sauka da igiya a Tamarind Falls na Morishas: yanda 'yan jagorarmu suka yi da mu

Duk wanda Allah ya kai shi Morishas kuma yana da ƙoshin lafiya, ina ba shi shawara ya ware rana guda ya bar bakin teku ya shiga tsakiyar tsibirin, amma fa kar ya shiga da kowa, ya zaɓi masu kai shi da kyau. Ni da maigida mun biya wani ƙaramin kamfanin 'yan gari kuɗin abu biyu a haɗe, ranar sauka da igiya ta cikin magangarar ruwa da kuma ranar zagaya kudu maso yammacin tsibirin a mota. Ta farkon wallahi ko sisi ban yi baƙin cikin biya ba, ta biyun kuma akwai gyara sosai.

Ga wanda bai sani ba, Morishas tsibiri ne a Tekun Indiya gabas da Madagaska, mutanen ƙasar duka ba su wuce miliyan 1.3 ba. Aman wutar dutse ne ya samar da shi, shi yasa tsakiyarsa tudu ne mai sanyi da yawan ruwan sama, koguna kuma suna gangarowa daga can suna tsaga baƙin dutse har su faɗa teku. Tamarind Falls na ɗaya daga cikin wuraren nan, magangara bakwai ne a jere ɗaya ƙarƙashin ɗaya, 'yan gari sun fi saninsa da Sept Cascades, kuma ta ƙauyen Henrietta ake shiga, kusa da Vacoas.

Tun kafin mu ga dutsen na fara yarda da mutanen nan. Ranar da muka tsayar, da asuba sai ga saƙon WhatsApp wai a ɗaga, an kwana ana ruwa a kan tudu. Mu kuma inda muke a bakin teku rana ce tarwai, ko digo babu, har oga ya fara cewa anya ba wasu kwastomomin suka samu ba. Mai kamfanin ya kira da kansa ya yi mana bayani, yace ruwan da ya zuba a sama shi ke tahowa cikin kwazazzabon, kogin zai iya cika cikin ɗan lokaci ya koma ja, kuma in mutum na rataye a igiya babu wajen gudu. Bai ƙara mana ko rupee ɗaya ba (kuɗin ƙasar kenan), yace mu zaɓi wata rana ko a maido mana da kuɗinmu. Mutumin da zai bar kuɗin yini guda saboda tsoron abinda zai samu baƙin da bai taɓa gani ba, to shi ne wanda zan miƙa wa raina a kan igiya.

Sai maganar sutura, wadda ita ce ta fi damuna, kuma nasan 'yan uwana mata ita za su fara tambaya. Ba a sauka da abaya ko zani ko doguwar riga, ba don komai ba sai don ɗamarar da ake sakawa tana zagaye ƙugu ne da kowace cinya, dole sai da wando. Na faɗa musu tun a waya cewa ni ina sa hijabi kuma bana son namiji ya ɗaura min ɗamara. Ba su yi wani mamaki ba, ƙasa ce da kusan kashi 18 cikin ɗari na mutanenta Musulmi ne, sun saba. Suka turo mana da mace a cikin 'yan jagorar, wata matashiya mai natsuwa, ita ta ɗaura min komai ta duba. Na sa wando mai ɗan kauri da riga mai dogon hannu da ta sauko har cinya, sai ƙaramin hijabi irin na masu motsa jiki wanda ke kama kai, na cusa bakinsa cikin riga sannan hular kwano a sama. Ta ja min kunne sosai kan wannan, tace duk abinda ke lilo, gyale ne ko gashi ko igiyar jaka, ƙarfen da igiya ke bi ta cikinsa zai iya cafke shi ya ja kan mutum. Don Allah 'yar uwa in za ki je, ki bar babban mayafinki a mota ki saka bayan an fito.

Daga Henrietta an ɗan taka ta gefen gonakin rake kafin a gangara cikin daji, hanyar duk laka da saiwoyi, ga ƙananan bishiyoyin gwaiba ja ko ina waɗanda mutum ke riƙewa. Kafin mu je kan ruwa sai da suka tsayar da mu a wani ɗan gajeren dutse busasshe aka yi gwaji, kowa sai ya sauka suna kallo. Darasin ba shi da yawa amma suna ta nanata shi: ka juya wa ramin baya, ka buɗe ƙafafu, ka kwanta da baya kamar za ka zauna, tafin ƙafarka duka a jikin dutse, hannun dama kuma yana riƙe da igiya ta bayan ƙugu shi ne birkinka, ko me ya faru ba ka sakinsa. In ka sassauta kaɗan ka sauka, in ka matse ka tsaya cak. Babban jagoran ya nuna mana ƙusoshin ƙarfen da aka kafa a dutse, ya nuna cewa guda biyu ake haɗawa ba ɗaya ba, sannan akwai igiya ta biyu a jikinka wadda shi ke riƙe da ita daga sama, wani kuma yana ƙasa yana jiranka. Ma'ana ko da hannunka ya kuɓuce ba za ka faɗi ba. Na ji daɗi da ya nuna mana da ido, bai tsaya kan "kar ku damu" kawai ba.

Mafi tsawon saukar da muka yi ta kai wajen mita 40. Gaskiya taku biyun farko su ne duk wahalar, lokacin da ƙafarka ke bakin dutse jikinka kuma ya riga ya fita sarari, komai na jikinka yana ce maka ka miƙe tsaye ka rungume dutsen, alhali yin hakan shi ke sa ƙafa ta zame gwiwa ta bugu. Na daɗe a wajen, bakina sai Hasbunallahu yake, jagoran nan bai hanzarta ni ba ko kaɗan, bai kuma yi min dariya ba, yace in kalli takalmina kawai kar in kalli ƙasa, in matsa ɗaya sannan ɗaya. Maigida yana gefe yana cewa "Maman Amira in ba za ki iya ba ki bari, ba dole", jagoran ya ɗaga masa hannu a hankali alamar ya ƙyale ni. Da na wuce bakin sai abin ya koma wani iri daban, igiyar ta ɗauke nauyina gaba ɗaya, irin yanda masu yasar rijiya ke sauka da natsuwa saboda sun san wanda ke riƙe da su a sama. Dutsen baƙi ne wuluk ga gansakuka mai santsi, ruwan sanyi ƙarara yana dukan hular kwano da ƙara har ba ka jin maganar kowa, shi yasa suke amfani da usur da alamun hannu, an koya mana su tun a sama. Wajen rabin hanya na matse igiya na tsaya na waiga, kwazazzabon a buɗe kore shar har can inda teku ke ƙyalli ta yamma, ga fararen tsuntsayen nan masu dogon jela siriri suna shawagi ƙasa da inda nake. Subhanallah kawai na iya cewa.

A ƙasa tafki ne, an ba mu rigar da ke hana nutsewa don haka ko wanda iyonsa bai yi ƙarfi ba zai kai gefe. Akwai wajen da ake tsalle cikin ruwa da wajen da ake zuge mutum a kan igiya daga sama zuwa tafki, sai kuma inda ake bi ta bayan ruwan a tsaya a lungun dutse yana zuba a gabanka. Tsallen ni ban yi ba kuma ba wanda ya matsa min, sun zagaya da ni ta gefe. Da azahar ta yi muka ce za mu yi sallah, suka nuna mana wani faffaɗan dutse busasshe suka ja sauran baƙin gaba kaɗan suka ba mu wuri. Abincin rana burodi ne da kifi da 'ya'yan itace, sun tambaye mu tun farko me muke ci, sai dai gaskiya ya yi kaɗan ga mutanen da suka wuni cikin ruwan sanyi, ku tafi da dabino ko wani abu a jaka.

Inda na ga laifinsu a ranar shi ne hawan fitowa. Duk bayaninsu a kan sauka yake, ba wanda ya faɗa mana cewa duk abinda muka gangara sai mun hau shi da ƙafa, a jiƙe, a gajiye, hanya a miƙe ana kama saiwa ana jan jiki. Akwai wata dattijuwa Bafaranshiya a cikinmu da ta sha wuya sosai, har ɗaya daga cikin samarin ya karɓi jakarta yana tura ta. Sun kula da ita ba laifi, amma kamata ya yi su faɗi gaskiyar hawan nan tun lokacin biyan kuɗi, mai ciwon gwiwa ko hawan jini ko asma ya san abinda zai tarar.

Ranar zagayawa kuma direba aka haɗa mu da shi ba 'yan igiyar ba, kuma nan take na ga bambanci. Ya fara kai mu Trou aux Cerfs a Curepipe, ramin tsohon dutse mai aman wuta da bishiyoyi suka cike, daga nan sai shagon masu sassaƙa ƙananan jiragen ruwa na katako, sai shagon kaya, wuraren da ba mu ce muna so ba, aka cinye mana safiya a kan sayayya. Mun tsaya a Grand Bassin, tafkin da mabiya addinin Hindu ke girmamawa suna zuwa da ƙafa daga ko ina lokacin bikin Maha Shivaratri, akwai mutum-mutumi mai tsawon mita 33 a mashigar. Sai wajen leƙen Black River Gorges, gandun dajin da aka kafa a 1994, inda birai ke zuwa har jikin mota. A Chamarel mun ga magangarar da ta kai kusan mita 100, daga nesa ake kallonta, da kuma ƙasar nan mai launi bakwai, ja da ruwan ƙasa da shuɗi-shuɗi da sauransu, wadda dutsen aman wuta ne ya ruɓe ya zama yumɓu, sinadarin ƙarfe da alminiyam da ke ciki suka ba ta launukan. An kewaye ta ba a takawa, kuma ta fi fitowa in akwai rana. Direban ya so ya biya da mu wajen da ake yin giyar rake mu ɗanɗana, muka ce a'a, bai ja ba.

Abinda ya ɓata min rai shi ne Le Morne. Wannan dutsen da ke ƙuryar kudu maso yamma, mai tsawon mita 556, nan ne bayin da suka gudu daga gonaki suke ɓuya a kogunansa, mutanen da aka kwaso yawanci daga Madagaska da gabashin Afirka. An soke bauta a tsibirin ranar 1 ga Fabrairu 1835, har yau ranar hutu ce a ƙasar, UNESCO kuma ta sa dutsen cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Labarin da mutanen wajen ke bayarwa shi ne da aka tura sojoji su sanar da su an 'yanta su, sai suka zaci kama su aka zo yi, wasu suka faɗo daga saman dutsen. Wuri irin wannan direbanmu ya tsaya mana a bakin titi yace mu ɗauki hoto mu tafi, yamma ta yi. Ni 'yar Afirka ce, na so in sauka in je wajen tunawa da bayin da ke gindin dutsen in zauna in yi musu addu'a, lokacin da aka ɓata a shaguna da nan aka kawo shi. Na faɗa wa mai kamfanin haka kai tsaye, ya saurara ya ba da haƙuri, yace da mun rubuto masa wuraren da muke so da waɗanda ba ma so da an bi namu tsarin. To ku rubuta musu tun kafin ku biya, a rubuce ba da baki ba.

Port Louis, babban birnin ƙasar, mu muka kai kanmu, kuma ya fi mana daɗi, muka yi sallah a Jummah Masjid da ke Royal Road wanda aka fara ginawa tun shekarun 1850, muka ci dholl puri (wata irin gurasa ce mai laushi) a kasuwa da biryani na halal, muka sha alouda, wani abin sha na madara mai sanyi.

Game da lokaci, daga Janairu zuwa Maris ruwa ya fi yawa kuma lokacin guguwa ne, an fi ɗage tafiya, daga Mayu zuwa Oktoba kuma ba zafi amma ruwan tafkin akwai sanyi, ku roƙi rigar roba. In rani ya yi nisa ruwan magangarar na raguwa, musamman da yake akwai dam a sama da ake jan ruwa don wutar lantarki, ku tambaya yaya ƙarfin ruwan yake a satin. Ku sa ranar igiya a farkon zamanku don in an ɗaga ku samu wata. Takalmi mai kama ƙasa wanda ba ku jin asarar jiƙa shi, maganin sauro, kayan canji a leda. Waya kuma ku bar ta, su ke ɗaukar hoto da kyamarar da ruwa baya shiga, kuɗin hoton daban ne da na tafiyar, ku yi ciniki a kai tun a farko a haɗa muku gaba ɗaya.