Sharhi a Kan Shirin Wednesday: Ba Kallon Ƙananan Yara Ba Ne

Shirin Wednesday, wanda kamfanin Netflix ya fitar a watan Nuwamban 2022, ya shiga gidaje da dama a nan Katsina ta dalilin wata rawa da jarumar ta yi a cikin shirin, wadda aka yi ta yaɗawa a TikTok har yaran da ba su san labarin ba suka haddace fuskar yarinyar mai kitso biyu da baƙaƙen kaya. Da 'yata mai shekara 11 ta ce mini, "Baba, 'yan ajinmu duk sun kalla," sai na ce ta dakata tukuna, na zauna na kalli zangon farko mai kashi takwas ni kaɗai. A kan wannan zangon nake magana.

Labarin wata matashiya ne, Wednesday Addams, wadda Jenna Ortega ta fito a matsayinta. An kore ta daga makaranta bayan ta zuba kifaye masu cin nama a tafkin ninƙaya domin ta rama wa ƙaninta cin zalin da wasu samari suka yi masa, iyayenta kuma suka kai ta makarantar kwana ta Nevermore, inda ake tara yara masu baiwar da ta saɓa wa ta sauran mutane. A dajin da ke kusa da garin Jericho wani dodo yana kashe mutane, ita kuwa ta ɗaura ɗamarar gano ko wane ne.

Ta fuskar aiki, shirin ya yi kyau ƙwarai. Tim Burton ne ya ba da umarnin kashi huɗu na farko, an ɗauki shirin a ƙasar Romaniya, kuma an saƙa labarin yadda mai kallo zai yi ta zargin wannan da wancan har kusan ƙarshe. Yarinyar tana da kaifin basira, tana rubuta littafi da tafireta, ba ta damu da wayar hannu ba, kuma ba a nuna tsiraici ba. Ina ganin wannan ne ya sa iyaye da yawa suka saki jiki, domin mu a nan abin da muka fi sa wa ido a fim shi ne sutura da rungume-rungume, da zarar mun ga ɗalibai cikin kayan makaranta sai hankalinmu ya kwanta.

Amma abin da ke ciki ya wuce haka. Tun a kashi na farko ana nuna dodon yana yayyaga wani ɗalibi, daga baya a ga sassan jikin mutane a cikin kwalabe, a ga yarinyar ta shiga ɗakin ajiye gawa tana bincike ba tare da ko gezau ba. A kashi na ƙarshe ta ɗaure saurayin da take zargi a kujera tana gana masa azaba domin ya amsa laifi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake haɗa waɗannan abubuwa da barkwanci, har mutuwa da azaba su zama abin dariya. Babba yana iya rarrabewa, amma yaro ɗan shekara goma abin da ya ga gwanarsa ta yi shi ne burgewa a wurinsa. Haka nan yadda take gaya wa mahaifiyarta magana son ranta, tana kallonta ido cikin ido, an shirya shi ne a matsayin jarumta.

Sai kuma batun aƙida, wanda a ganina shi ne mafi nauyi. Yarinyar tana ganin abin da ya wuce da abin da zai zo idan ta taɓa wani abu, ta kunna kyandirori tana kiran ruhin wata kakarta da ta mutu shekaru aru-aru, a ƙarshe kuma aka tayar da mamaci ta hanyar tsafi. Yaron da yake zuwa Islamiyya da yamma ana koya masa cewa Allah kaɗai ya san gaibu, sannan ya dawo gida ya ga duba da kiran matattu su ne makaman jarumar da yake ƙauna, yana bukatar babba a kusa da shi wanda zai warware masa. Akwai kuma soyayyar 'yan makaranta da sumbatar juna a wasu wurare, ko da yake ba su da yawa.

A Amurka an sa wa shirin alamar TV-14, ma'ana bai dace da wanda bai kai shekara 14 ba. Ya kamata iyaye su sani cewa wannan ma'auni yana duba zubar da jini ne da ashar da batsa, ba ya duba tsafi ko ladabi ga iyaye, saboda haka shekara 14 ɗin ma mafi ƙaranci ce a wurinmu. Hukuncina shi ne kada a bar ɗan firamare ko ɗan ƙaramar sakandare ya kalle shi ko kaɗan. Wanda ya kai babbar sakandare, idan har zai kalla, to a zauna tare da shi a tattauna abin da aka gani.

Mai amfani da Netflix yana iya buɗe wa yara sashensu daban, ya ƙayyade shekarun abin da za su gani, ya toshe shirin da sunansa, ya kuma kulle nasa sashen da lambobin sirri huɗu. Na gwada, kuma yana aiki yadda ya kamata. Sai dai yawancin yaranmu ba ta nan suke samun fina-finai ba. A shagunan masu tura fim ake zuba musu a waya ko a memori da kuɗi kaɗan, ko kuma aboki ya tura wa aboki, kuma ta wannan hanyar babu alamar shekaru, babu kulle. Don haka duk wanda ya ba yaro aron waya, ko ya aike shi turo fim, ya kamata ya buɗe ya ga sunayen abin da aka zuba kafin wayar ta shiga ɗakin yara.